Taliya da ƙwallon nama na mutum shida: inda tukunyar farko ta ɓaci da yadda aka gyara ta

Girkin na gida ne mai mutum shida, manya huɗu da yara biyu, kuma abincin dare ne. Kayan da aka tanada ba su da aibu: ƙullin taliya ɗaya mai giram 500, rabin kilo na naman cinyar sa da aka niƙo a kasuwa, ɗanyen tumatir kilo ɗaya, tumatirin leda mai giram 70, manyan albasa uku, tafarnuwa, ƙwai biyu, da murhun gas mai kai biyu. Mai girkin ba baƙuwar kicin ba ce. Ta iya miyar dage-dage, ta iya dafa-dukan taliya, hannunta ya san gishiri. Duk da haka abin da ya hau faranti bai yi ba. Cikin ƙwallayen nama goma sha biyu, bakwai sun wargaje a tukunya har miyar ta koma kamar an juye mata dambun nama. Biyar ɗin da suka tsira sun yi tauri, sai an danna musu cokali da ƙarfi. Miyar tana tsami, ruwanta yana gangarowa gefen faranti, taliyar kuma ta cure, ana ɗago ta tana tahowa gaba ɗaya kamar malmalar tuwo.

Ga yadda aikin ya gudana, domin a cikinsa amsar take. An fara da taliya: aka karya ta biyu, aka zuba a ruwa lita biyu da ɗan mai, ta yi minti 15, aka tace, aka ɗauraye da ruwan sanyi, aka rufe aka ajiye. Aka markaɗa tumatir da ɓawonsa da 'ya'yansa a bilenda, da ƙarin ruwa don injin ya juya. Aka soya albasa ɗaya da tafarnuwa lokaci guda a tukunyar alminiyam, aka juye markaɗen, aka matse tumatirin leda a kai. Sannan aka koma kan nama. Aka markaɗa albasa biyu aka zuba masa, aka fasa ƙwai biyu, da aka ga ya yi ruwa aka ƙara cokali ɗaya na fulawa, aka murza sosai, aka mulmula manya-manya. Miya na ɓararraka aka jefa su ɗanyu. Bayan minti uku aka sa ludayi aka juya don kada ta kama, aka bar su rabin awa a wuta mai ƙarfi.

Kusan kowane mataki a nan yana da girkin da ya dace da shi a gidajenmu. Wannan abincin ne bai yarda da su ba, kuma dalilin yana cikin inda ya fito.

Abincin 'yan Italiya ne mazauna Amurka. Tsakanin 1880 da 1920 mutum wajen miliyan huɗu suka bar Italiya zuwa can, akasarinsu daga kudu, yankunan Kampaniya da Kalabiriya da tsibirin Sisili. A gida nama abin marmari ne gare su. Ƙwallon nama, wanda suke kira polpette, dabara ce ta miƙa ɗan nama da busasshen burodi har ya zagaya gida, kuma galibi daban ake cin sa, bayan an gama da taliya. A New York da sauran biranen da suka sauka nama ya fi sauƙin samu, sai ƙwallon ya ƙara girma, ya hau kan taliya, miyar tumatirin gwangwani ta rufe su. A Italiya kanta akwai wuraren da ake haɗa su, kamar Teramo a yankin Abruzzo, amma nasu ƙanana ne ƙwarai, ba su fi ƙwayar gurjiya ba. Abu biyu ke da amfani ga mai girki a wannan tarihin. Na farko, burodi yana cikin haɗin tun asali, ba ƙari ba ne. Na biyu, haɗin da aka saba a Amurka yana da naman alade, kuma shi ne ke kawo yawancin kitsen. Gidan Musulmi ya cire shi, amma gurbin da ya bari ba ya cike kansa.

Naman

A nan babbar ɓarnar ta auku, don haka a nan za a daɗe.

Cinya zallar tsoka ce. Shanun da ake yankawa a kasuwanninmu kiwon ciyawa ne da doguwar tafiya, tsokarsu ba ta da kitse a ciki, mahauci kuma yakan feɗe na waje don ya faranta wa mai saye. Nama irin wannan idan ya ji wuta zarensa yana tsukewa, yana matso ruwan da ke cikinsa kamar ana matsar wanki. Abin da ke hana ƙwallo bushewa shi ne kitsen da ya shiga tsakanin zaren ya narke a can. Ma'aunin da ke aiki kashi ɗaya ne cikin biyar: a giram 600, tsoka 480, kitse 120. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi giram 400 na kafaɗar sa da giram 200 na naman rago mai kitse, a ce wa mai injin ya niƙa su tare sau ɗaya. Niƙa sau biyu yana mayar da nama kamar ƙullu, ƙwallon ya fito da danƙo. Idan za a wanke naman, a wanke shi yana gunduwa-gunduwa, a tsane shi da tsumma mai tsabta, sannan a kai niƙa. Niƙaƙƙen nama ba a wanke shi.

Sai ruwa. Albasa kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ce. Manyan albasa biyu, giram 200 ke nan, sun zuba wa rabin kilon nama ruwa wajen mililita 180, ban da wanda aka ƙara a bilenda. Ƙwai biyu sun kawo nasu, domin kashi uku cikin huɗu na ƙwai ma ruwa ne. Wannan ruwan yawo yake yi a cikin haɗin, babu abin da ya riƙe shi. Cokalin fulawa ba zai iya ba. Mutane da yawa in ƙwallo ya wargaje sai su ce ƙwai ne bai isa ba, su ƙara. Kuskure ne. Ƙwai ɗanye ba ya ɗaure komai, sai ya ji zafi sama da digiri 60 a ma'aunin Selsiyus yake fara daskarewa, kafin nan kuwa ƙara wa haɗin ruwa yake yi. In ya yi yawa kuma, bayan ya dahu, shi ne ke mayar da ƙwallo kamar roba. Ƙwai ɗaya ya ishi giram 600.

Maganin shi ne jiƙaƙƙen burodi. A yanke ɓawon, a auna cikin giram 75, wajen yanka uku, a zuba masa madara mililita 110, a bar shi minti goma, a dame shi da cokali mai yatsu har ya zama kamar kunu mai kauri. Madarar gari ta yi: cokali biyu a cikin wannan adadin ruwan. Bambancin wannan ruwan da na albasa shi ne sitacin burodi ya riga ya shanye shi, kuma da ya ji zafi sai ya kumbura ya ƙara riƙe shi. Yana kuma shiga tsakanin zaren nama ya hana su manne wa juna su tsuke. Sakamakon shi ne ƙwallo mai laushi da cokali ke ratsawa ba gardama. Burodin da ya kwana ya fi sabo shan madara. A kula da burodin leda mai sukari da yawa, domin zaƙinsa yana fitowa a nama kuma yana saurin ƙonewa a kasko. Wanda ke Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya huta, dogon burodin nan irin na Faransa da ya kwana shi ne ainihin abin da ake so.

Albasa ba a hana ta ba, amma ƙarama ɗaya, giram 80. Ko dai a gurza ta a matse ruwan a tsumma, ko a yanka ta ƙanana a soya a cokali ɗaya na mai har ta yi laushi, ta huce kafin ta shiga. Soyayyar ta fi daɗi. Tafarnuwa biyu dakakku, masoro rabin ƙaramin cokali, faski yankakke cokali biyu in akwai.

Gishiri yana da aiki biyu, kuma na biyun ne ba a cika sani ba. Bayan ɗanɗano, yana narkar da wani furotin na tsoka mai suna mayosin, wanda ke fitowa ya yi yauƙi ya manne ƙwayoyin naman. Shi ne ainihin abin da ke ɗaure ƙwallo. Giram 8 ya isa wannan haɗin, wato ƙaramin cokali ɗaya da sulusi. Amma yawan murza yana fito da mayosin fiye da kima, ƙwallon ya koma kamar sosej, mai tsalle a baki. Abin da ya faru da biyar ɗin da suka tsira ke nan: an murza su da yawa, ba kitse, ba burodi, sannan suka sha rabin awa a tafasa. Tsarin da ya dace shi ne a haɗa komai da jiƙaƙƙen burodin tukuna, ƙwai da gishiri da kayan ƙamshi, su gauraya sarai, sannan a barbaza nama a kai a cakuɗa da yatsu buɗe kamar ana gyaran dambu. Minti ɗaya ya isa. Da haɗin ya fara manne wa tafin hannu, a tsaya.

Littattafan girkin Italiya da Amurka suna sa cukun Parmigiano gurzajje, giram 40 ko makamancin haka. Cuku ne busasshe mai gishiri da ake ajiyewa aƙalla wata 12 kafin a sayar, kuma ana daskarar da madararsa da sinadarin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, don haka mai kiyaye halal ya san abin da yake saya. In an sa shi, a rage gishiri zuwa giram 6. In babu, rabin dunƙulen magi yana kawo irin garɗin da yake bayarwa, shi ma a rage gishiri dominsa. Cukun Fulani ba ya maye gurbinsa, ruwa gare shi kuma ba shi da gishiri.

Kafin a mulmula, a gutsuri ɗan kaɗan a soya a ɗanɗana. Wannan ne kaɗai lokacin da za a iya gyara gishiri. Sannan a jiƙa hannu da ruwa a mulmula kowanne giram 40, bai kai ƙwan kaza ba. Haɗin zai ba da 22 ko kusa da haka. Na tukunyar farko sun haura giram 65, kuma babban ƙwallo yana daɗewa cikinsa bai daskare ba alhali bayansa yana shan duka. A jera su a faranti a sa a firji minti 30. Sanyi yana daskarar da kitsen, burodi ya gama shan ruwa, gishiri ya yi aikinsa. In babu wuta, a rufe a ajiye wuri mai sanyi minti 15 kawai, niƙaƙƙen nama ba ya son jira a zafi.

Ko da an gyara haɗin, jefa shi ɗanye a miya mai ɓararraka da sa ludayi bayan minti uku zai iya fasa shi. A wannan lokacin bayan ƙwallon ne kaɗai ya fara kamawa, cikin yana nan taɓo. Akwai masu dafa shi ɗanye a miya kuma yana yi musu kyau, amma a wuta ƙasa-ƙasa, ba a taɓa tukunya sai bayan minti 15. Ga mai farawa suya ta fi aminci, kuma tana kawo abin da tafasa ba za ta taɓa kawowa ba. Jan nan mai ƙamshi da ke hawa bayan nama yana buƙatar zafi sama da digiri 140, miya kuwa ruwa ce, ba ta wuce 100.

A sa mai cokali huɗu a kasko mai faɗi, wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi. A jera takwas, da tazara tsakaninsu. In aka cika kasko zafi ya faɗi, ruwa ya fito, suya ta koma dahuwa. A bar su minti biyu ba taɓawa. Nama yana kama kasko da farko, in ya yi ja sai ya saki da kansa, wanda ya matsa masa kafin nan zai bar rabin ɓawon a ƙasa. A juya da cokali biyu, gefe uku, minti shida gaba ɗaya. Ba a neman su dahu a nan, miya ce za ta ƙarasa su. Mai oben zai iya jera su duka a tire ya gasa a digiri 220 na minti 12 zuwa 15, ya huta da tsayuwa. Abin da ya kama a gindin kasko, muddin bai yi baƙi ba, kada a wanke shi. A zubar da rarar mai, a zuba ludayin miya a kankare, a mayar cikin tukunya.

Miyar

Tsamin yana da tushe uku. Tumatir da kansa mai tsami ne, kuma minti 20 zuwa 30 ba su isa a ƙone ruwan kilo ɗaya da aka ƙara wa ruwa ba. Tumatirin leda da ba a soya ba yana barin gafi. Tukunyar alminiyam kuma tana amsa wa tsami, ta ba miya ɗanɗanon ƙarfe in ta daɗe a ciki. Akwai na huɗu da ba tsami ba ne amma ya taya: tafarnuwa da ta shiga mai tare da albasa ta ƙone kafin albasar ta yi laushi, ta bar ɗaci. Bilenda ta fasa 'ya'yan tumatir, ta kuma cusa iska, shi ya sa miyar ta fito launin ruwan lemo maimakon ja.

Mutum shida suna buƙatar gwangwani biyu na tumatir ɓararre, giram 400 kowanne, ko ɗanyen tumatir kilo ɗaya da rabi, dogon nan mai tsoka, nunanne sarai. Kilo ɗaya na tukunyar farko ya yi kaɗan. A tsaga gindin kowanne da wuƙa, a jefa a tafasasshen ruwa daƙiƙa 40, a tsame a sa a ruwan sanyi, ɓawon zai zame da kansa. A raba biyu a fitar da 'ya'yan, a dagargaza tsokar da hannu. Aiki ne na minti 15 kuma ya cancanta.

A tukunyar ƙarfen sitil mai faɗi, a sa mai cokali huɗu. Man zaitun ne na asali, amma man gyaɗa mai kyau ba ya ɓata komai. Albasa ɗaya yankakkiya ta yi minti takwas a wuta ƙasa har ta yi laushi ba ta yi ja ba. Tafarnuwa uku su biyo baya, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, da an ji ƙamshi shi ke nan. Sai tumatirin leda, a soya shi cikin man minti biyu zuwa uku har ya yi duhu kamar jan bulo. Sannan tumatir, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Tattasai biyu da aka cire wa 'ya'ya aka jajjaga suna ƙara ja da zaƙi. Rabin attarugu ma ba baƙo ba ne a nan, mutanen Kalabiriya sun san barkono sarai. Abin da za a bari a gefe shi ne kori da citta da kanumfari, domin suna mayar da miyar ta zama dage-dage, su danne ƙamshin naman da aka sha wahalar soyawa.

A bar ta buɗe, tana ɗan motsi a hankali, minti 35 zuwa 40. Alamar ta yi ita ce a ja cokali a gindin tukunya hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe, mai kuma ya fara tasowa a gefe. In har yanzu da sauran tsami, rabin ƙaramin cokali na sukari ya isa, ko karas ɗaya a jefa tun farko a cire a ƙarshe. Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana kashe ɗanɗanon tumatir tare da shi ta dusashe launi. Wannan miyar tana buƙatar ɗan tsaminta don ta yanke maiƙon nama, bai kamata a kashe shi duka ba.

Yanzu ƙwallaye su shiga, a jere, miya ta kai aƙalla rabinsu. A rufe rabi, wuta ƙasa, minti 20. Minti goman farko ba ludayi. In ana tsoron kamu, a riƙe hannayen tukunya a girgiza ta a hankali. Ɗoɗɗoya ganye biyar ko shida a minti biyun ƙarshe. Tamu ta fi ta Italiya ƙarfi, don haka kaɗan.

Dahuwar ciki ba abin wasa ba ce. Ƙwayoyin cuta a gunduwar nama a bayanta suke, wuta tana riskarsu da wuri. Injin niƙa yana tura su har tsakiya, balle injin kasuwa da ya niƙa wa mutane da yawa tun safe. A 1993 hambaga, wato niƙaƙƙen naman da ake gasawa a sa cikin burodi, wadda ba ta dahu ba ta jawo wa mutum sama da 700 rashin lafiya a yammacin Amurka, yara huɗu suka rasu, sanadin wani nau'in ƙwayar E. coli. Ma'aunin da hukumar noma ta Amurka ta tsayar wa niƙaƙƙen naman sa shi ne digiri 71 a tsakiya. Mai ma'aunin zafi ya soka a mafi girma. Wanda ba shi da shi ya dogara da lokaci da girma: ƙwallon giram 40 da ya sha suya minti shida da miya minti 20 ya wuce wannan. Launi kaɗai ba shaida ba ne, nama yakan yi duhu kafin ya kai.

Taliyar

Laifinta na farko shi ne ta riga kowa sauka. Taliya ba ta jira. Daga lokacin da aka tace ta sitacin bayanta yake fara bushewa yana manne sili da sili, ita kuwa wannan ta zauna minti 40. Ruwa lita biyu ya yi wa giram 500 kaɗan, zafi ya faɗi da aka zuba ta, ruwan ya yi kauri. Man da aka sa yawo ya yi a sama, bai hana komai ba. Ɗauraya da ruwan sanyi ta wanke sitacin da miya ke kamawa, shi ya sa ruwan ya gangara gefen faranti ya bar taliya fara.

Ƙa'idar da 'yan Italiya ke bi mai sauƙin riƙewa ce: kowane giram 100 na taliya, ruwa lita ɗaya, gishiri giram 10. A gida lita huɗu da gishiri giram 35, wajen babban cokali biyu, sun wadatar da ƙulli ɗaya. Yana kama da yawa, amma mafi yawansa yana tafiya da ruwan. Sai ruwa ya tafasa sosai a zuba. Ba sai an karya ba, a tsayar da ita a tukunya, cikin rabin minti ƙasan zai yi laushi a lanƙwasa sauran. Doguwar ta fi naɗe miya a cokali mai yatsu, ko da yake in don yara ne karyawa ba ta ɓata ɗanɗano. A juya sau biyu ko uku a minti biyun farko, domin a nan ne take mannewa.

A duba bayan leda. Taliyar da aka yi da alkama mai tauri, wadda ake rubuta durum, tana jure wuta, kuma tun 1967 dokar Italiya ta wajabta irin wannan alkamar ga busasshiyar taliyar da ake yi a ƙasar don sayarwa a cikinta. Wadda aka yi da fulawar burodi tana tsallakawa daga tauri zuwa caɓewa cikin minti ɗaya ko biyu, sai an tsaya a kanta. Ko wacce ce, a fara ɗanɗanawa saura minti uku lokacin da aka rubuta ya cika. A gutsura sili a duba: in akwai ɗan farin ɗigo siriri a tsakiya, lokacin tacewa ya yi. Kafin a tace a ɗebi kofi ɗaya na ruwan a ajiye.

Matakin da ke haɗa abincin ya zama ɗaya shi ne na ƙarshe. A kwashe ƙwallaye a kwano da ɗan miya a rufe. A juye taliya cikin sauran miyar a kan wuta, a ƙara rubu'in kofin ruwan nan mai sitaci, a riƙa ɗagawa ana juyawa minti ɗaya zuwa biyu. Taliyar tana ƙarasa dahuwa tana shan miya maimakon ruwa, sitacin kuma yana haɗa mai da tumatir su zama abu ɗaya mai sheƙi. In ta yi kauri a ƙara ruwan kaɗan-kaɗan.

Tukunya ta biyu

An maimaita girkin da wannan tsarin, a murhu ɗaya, a cikin wajen awa ɗaya da rabi. Burodi ya shiga madara, aka ɓare tumatir. A minti na 20 miya ta hau kai ɗaya. Tana dahuwa aka haɗa nama aka mulmula, ya shiga firji a minti na 30. A minti na 55 aka fara suya a ɗaya kan, kaso uku, ɗan gajarta hutun firji bai yi illa ba tunda kaso na biyu da na uku suna ciki suna jira. Kasko na sauka a minti na 73 tukunyar ruwa ta hau, an riga an tafasa ruwan a buta don kada ya ja lokaci. Ƙwallayen ƙarshe suka cika minti 20 ɗinsu a miya daidai lokacin da aka tace taliya, aikin ya ɗan haura awa ɗaya da rabi da mintuna kaɗan.

Duka 22 sun fito cikakku. Manya suka samu hurhuɗu, yara uku-uku. Abu ɗaya ya rage: giram 500 tsakanin mutum shida giram 83 ne kowanne, daidai da yadda ake aunawa a Italiya inda wani abincin ke biyo baya. A gidan da taliyar ce kaɗai abincin dare, bai ƙosar da manya ba. Giram 650 ya fi dacewa, miyar za ta ɗauka in an ƙara rabin gwangwanin tumatir.

Wanda zai dawo gida a makare, a ajiye masa miya da nama, a dafa masa tasa taliyar in ya iso, minti goma ne. Ragowar miya da ƙwallaye su shiga firji kafin awa biyu, ko awa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a bazara kusan kullum ne. Suna yin kwana uku zuwa huɗu muddin firjin bai ɗauke ba. In wuta ba ta da tabbas, a ci washegari, a ɗumama a tukunya da ɗan ruwa, wuta ƙasa, har sai an fasa ɗaya an ga tururi yana fita daga tsakiyarsa.